Innisfree ko Aromatica: wanne ne aikinsa ya kai bakinsa?

A watan Afrilun 2021 wani mai saye a Koriya ta Kudu ya tsaga mazubin man fuska na Innisfree, ya ɗauki hotonsa, ya saka a wani zauren Facebook na masu ƙaurace wa roba. A jikin mazubin an rubuta ɓaro-ɓaro da Turanci cewa kwalbar takarda ce. Da aka ɓare takardar gida biyu sai ga kwalbar roba zaune a ciki, takardar riga ce kawai aka sa mata. Kafin ka ce kwabo hoton ya karaɗe jaridun Koriya da na waje. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ya ce sunan yana nufin takardar da ke lulluɓe da kwalbar ne, bai yi tunanin mutane za su ɗauka gaba ɗayan mazubin takarda ne ba. Ya kuma kare kansa da cewa robar cikin ba ta da launi, tana sake narkuwa, ta yi ƙasa da ta kwalbar da aka saba da kashi 51.8 cikin ɗari, kuma an rubuta yadda za a raba takardar da robar a jikin kwalin.

Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya. An rage roba da gaske, kuma an ruɗi mai saye da gaske. Duk wadda ke son zaɓar kayan gyaran fata na Koriya saboda muhalli da gaskiyar ciniki, a wannan tsakanin za ta yi ta yawo, don haka gara ta san inda kowane kamfani ya taka.

Innisfree ɗa ne a gidan Amorepacific, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan kwalliya biyu na Koriya, gidan da ya haifi Laneige da Sulwhasoo da Etude. An kafa shi a 2000, kuma ya gina sunansa a kan tsibirin Jeju: ganyen shayi, dutsen aman wuta, furanni, iska mai tsabta. Wannan alaƙa da Jeju ba ta talla kaɗai ba ce. Tun 1979 wanda ya kafa Amorepacific, Suh Sung-whan, ya fara sayen fako mai duwatsu a tsibirin yana mai da shi gonakin shayi, kuma daga irin waɗannan gonaki ake samo ganyen da ke cikin shahararren man fuskar nan na koren shayi. Aromatica kuwa ƙaramin kamfani ne idan aka jera su. Kim Young-kyun ya kafa shi a 2004, bayan ya ga yadda ake amfani da man tsirrai masu ƙamshi a Ostareliya. Yana da masana'antarsa ta kansa a Osan, kudu da Seoul, kuma an fi saninsa a waje da sabulun wanke gashi na rosemary da ruwan aloe.

Ma'aunin da na ga ya fi amfani ga mai saye daga nesa shi ne wannan: a cikin alherin da kamfani ke faɗa, wanne ne yake biyo kwalbar har hannunki, wanne ne yake tsayawa a Seoul? Abin da aka zuba a ciki, da irin robar da aka ƙera mazubin da ita, da yadda aka yi da dabbobi kafin kaya ya fito, waɗannan suna shiga jirgi tare da kayan. Akwatin karɓar kwalabe da wurin cika mazubi ba sa shiga jirgi.

Mu fara da kwalba, tunda a nan rigimar ta fi yawa. Innisfree yana da tarihin da ba a raina shi. Tun 2003 yake karɓar kwalaben da suka ƙare a shagunansa, yana ba wanda ya kawo maki da zai rage farashi da su. A 2017 ya buɗe wani shago a unguwar Sogyeok-dong a Seoul wanda aka yi yawancin adon cikinsa da niƙaƙƙun kwalabe 230,000 da mutane suka dawo da su. A Oktoban 2020 uwar kamfanin ta buɗe wurin cika shamfu da sabulun wanka a shagonta na Gwanggyo, inda mai saye zai biya gwargwadon nauyin abin da aka zuba masa. A Maris na 2021 kuma Amorepacific ya shiga RE100, ƙawancen kamfanonin da suka ɗauki alkawarin komawa wutar rana da iska da makamantansu ɗari bisa ɗari, kuma shi ne na farko a cikin masu kayan kwalliya na Koriya. Babban kamfani idan ya matsa taku ɗaya, tan-tan na roba da hayaƙi ne ke motsawa, abin da ƙaramin kamfani ba zai yi ba ko da ya kwana yana ƙoƙari.

To amma ɗauki kwalbar kanta ki duba. Mazubin kayan kwalliya yana daga cikin sharar da ta fi ba masu sake sarrafawa ciwon kai. Kwance kan nan mai matsawa ki gani: akwai siririyar waya ta ƙarfe da aka murɗa, sau da yawa da ɗan ƙwallo a ƙasanta, akwai bututu na wata roba daban, akwai murfi na wata daban, sannan jikin kwalbar an rina shi ko an shafa masa ƙyalli, an manna takarda da gam mai taurin kai, ga ragowar mai a gindi. Injin tace shara ba ya zama ya kwance wannan. Jefa shi yake yi cikin abin ƙonawa. A Disambar 2019 Koriya ta fara aiki da dokar da ke raba mazubai mataki huɗu gwargwadon sauƙin sake sarrafa su, mafi ƙanƙanta shi ne wanda dole a rubuta masa cewa yana da wuyar sarrafawa. Mafi yawan mazuban kayan kwalliya a wannan matakin suka faɗa. Aka so a yi wa masana'antar sassauci, a ɗauke mata wannan rubutu idan ta yi alkawarin karɓar wani kaso na kwalabenta. A 2021 jama'ar gari da ƙungiyoyin muhalli suka tara dubban mazubai da suka ƙare suka jibge su a ƙofar manyan kamfanoni, har sai da gwamnati ta ja da baya. A wannan yanayin na fushi ne hoton kwalbar takarda ya faɗo, shi ya sa ya yi zafi haka.

Aromatica ta wata ƙofar ya shigo. Bai tsaya a karɓar shara ba, ya koma ya sauya mazubin tun daga tushe. Kwalabensa da yawa an yi su ne da robar da aka riga aka yi amfani da ita aka sake narkawa, garai-garai ba rini, irin ta ruwan gora, wadda ita ce robar da ta fi samun mai saye a kasuwar shara ko'ina a duniya. Idan kin ɗaga ta a haske za ki ga ba ta kai sabuwar roba sheƙi ba, akwai ɗan dishi-dishi, kuma kamfanin bai ɓoye wannan da fenti ba. Wasu kayan a gilashi suke, wasu ana sayar da su a jakar cikawa, wasu kuma an mai da su sabulun dunƙule wanda kwali kaɗai yake buƙata. A 2020 ya fara kai kayansa a manyan jarkoki zuwa Almang, shagon nan na unguwar Mangwon da ake zuwa da mazubi daga gida, daga baya ya buɗe nasa wurin cikawa a Sinsa-dong.

Wuraren cikawan nan, na Aromatica da na Amorepacific, duk ba su shafi wadda ke Kano ko Yamai ko Kumasi ba. Haka ma makin da Innisfree ke bayarwa. Abin da ya shafe ta shi ne inda kwalbar za ta ƙare bayan wata uku. Farar roba garai-garai tana da damar ɗan bola jari ya tsince ta ya kai sikeli, ko a wanke ta a zuba wani abu. Ƙaramar kwalba mai rini da kai mai waya a ciki, kwata ce makomarta ko wutar juji. A wannan fagen Aromatica ya yi gaba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Sai dabbobi. Nan ne masu talla suka fi wasa da hankalin mutane, domin kusan kowane kamfanin Koriya zai iya cewa ba ya gwaji a kan dabbobi kuma bai yi ƙarya ba. Tun Fabrairun 2017 dokar ƙasar ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba. Sai dai dokar ta bar ƙofofi, kuma babbar cikinsu ita ce idan ƙasar da za a kai kayan ta wajabta gwajin. Wannan ƙasa, a aikace, Sin ce. Shekara da shekaru duk kayan kwalliyar da za a shigar da su shagunan Sin daga waje sai an gwada su a kan zomaye da ɓeraye a ɗakunan gwajin da hukuma ta amince da su. Amorepacific ya ce ya daina gwajin da kansa tun 2008, kuma daga 2013 ya hana masu kawo masa kaya yi, amma da sharaɗin nan na inda doka ta tilasta. Innisfree ya shiga Sin a 2012, ya buɗe ɗaruruwan shaguna a can kafin kasuwar ta juya masa baya ya fara rufewa. Daga 1 ga Mayun 2021 Sin ta sassauta: kayan yau da kullum, kamar man shafawa da shamfu da jan baki, za su iya shiga ba gwaji idan an cika wasu takardu. Amma kayan da ta kira na musamman, irin su man kare rana da rinin gashi da masu haskaka fata, ba su shiga sassaucin ba. Saboda wannan tarihi ne ba za ki ga zomon Leaping Bunny, wato hatimin da ke shaida ba a gwada kaya a kan dabba ba, a jikin kayan Innisfree ba, kuma masu bin diddigin lamarin ba sa sa shi a jerin waɗanda suka wanke.

Aromatica ya tsaya a kan cewa babu komai na dabba a cikin kayansa gaba ɗaya, ba zuma, ba kakin zuma, ba yauƙin dodon koɗi, kuma kayansa da dama suna ɗauke da hatimin The Vegan Society ta Ingila. Innisfree yana da kayan da aka ba irin wannan shaida ɗai-ɗai, amma ya yi wasu da zuma, don haka a wurinsa sai an bi kwalba bayan kwalba.

Wannan batu yana da wata fuska ga Musulma. Kayan gyaran fata na Koriya a wasu lokuta suna ɗauke da kolajin ko mabiyiya da aka samo daga alade, kuma ba kullum jerin sinadarai ke faɗin daga wace dabba aka samo ba. Hatimin da ke cewa babu komai na dabba yana kawar da wannan shakka kai tsaye. Amma ba shi ne shaidar halal ba. Wannan takarda ce daban, wadda hukumomi irin su Tarayyar Musulmin Koriya ko JAKIM ta Malesiya ke bayarwa, kuma ita tana duba har da giya da layin da aka sarrafa kayan a kai. Wadda batun sinadarin alkohol a man shafawa ke damunta, ta karanta jerin da ke bayan kwalba, hukuncin kuma ta nema a wurin malaminta.

Tunda an ambaci dodon koɗi, bari in ratse kaɗan zuwa COSRX, kamfanin Koriya da ya yi suna da man yauƙin dodon koɗi, domin 'yan mata suna yawan neman kayansa a shafukan masu saida kaya a Instagram. Kamfanin ya ce ana ɗora dodon koɗin ne a kan raga a ɗaki mai duhu da shiru na kamar rabin sa'a, su yi yawonsu, a kwashe yauƙin da suka bari, ba tare da an matsa musu ba. Bayanin kamfani ne, kuma gonakin ba a buɗe suke ga kowa ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne COSRX yanzu ɗan gida ɗaya ne da Innisfree. Amorepacific ya sayi kashi 38.4 cikin ɗari nasa a 2021, sannan a Oktoban 2023 ya sanar da ƙara saye har sama da kashi 90. Wadda ta bar Innisfree don ba ta son kuɗinta ya shiga aljihun Amorepacific, ta koma COSRX, ta fita ta ƙofa ne ta dawo ta taga.

Akwai kuma mutane, waɗanda hoton ganye a jikin kwali kan sa a manta da su. Jeju ta amfana da Innisfree: kamfanin ya sa kuɗi a ƙoƙarin sayen filayen dajin Gotjawal don a hana gine shi, dajin da ya tsiro a kan duwatsun aman wuta kuma yake tsotse ruwan sama ya aika shi ƙarƙashin ƙasa inda tsibirin ke sha. A 2015 ya kafa gidauniyar Moeum don ayyukan tsibirin. Amma a ɗaya hannun, a 2014 hukumar kula da adalcin ciniki ta Koriya ta ci tarar Amorepacific won miliyan 500 na kuɗin Koriya saboda kwashe dubban masu tallar gida-gida daga hannun dillalansa yana mai da su wasu wurare ba da yardar dillalan ba. A 2019 da 2020 kuma masu riƙe da shagunan Innisfree da na sauran 'yan gidan suka yi ta kuka cewa kamfanin yana sayar da kaya iri ɗaya a intanet da rahusar da su ba za su iya ba, shaguna suna ta mutuwa. Maganar ta kai majalisar dokoki, inda shugaban kamfanin Suh Kyung-bae ya bayyana a Oktoban 2020, kuma a daidai lokacin aka sa hannu a yarjejeniyoyin tallafa wa masu shagunan.

Kada a yi saurin cewa Aromatica ya fi tsarki a nan. Babban kamfani ana ganin laifinsa ne saboda idanu suna kansa: yana fitar da rahoton shekara-shekara kan hayaƙi da ruwa da shara, 'yan jarida suna tona shi, majalisa tana kiransa. Ƙaramin kamfani, yawancin abin da aka sani game da shi daga bakinsa ya fito, sai abin da masu ba da hatimi suka tantance. Kuma kayan Aromatica ba a bayan gidansa suke tsirowa ba. Rosemary da lavender da man itacen shayi daga ƙetare ake shigo da irinsu, kuma man tsiro mai ƙamshi yana cin ganye mai tarin yawa kafin a tatsi 'yar kwalba. Man kaɗanya ma, da ake gani a jerin sinadaran man shafawa na Koriya da yawa, daga yankinmu na Afirka yake tashi, matan karkara ne ke tsintar 'ya'yansa, ya ƙetare teku a sarrafa shi, ya dawo mana a mazubi mai tsada. A kan nisan tafiyar kayan haɗi, shayin Jeju na Innisfree ya fi kusa da masana'anta.

Wani abu da ya kamata a sa a sikeli shi ne fatar kanta, domin man da ya ƙone miki fuska kika jefar da rabinsa ya fi kowane ɓarna. Ƙarfin Aromatica, wato man tsirrai masu ƙamshi, shi ne kuma rauninsa. Fata mai saurin fushi, ko wadda man bilicin ya riga ya cinye, tana iya yin ja ko ƙaiƙayi da lavender ko man lemo. Kasancewar abu daga tsiro ba ya nufin fata za ta karɓe shi. Innisfree yana da kaya iri-iri, masu turare da marasa shi, farashinsa ya fi sauƙi a mafi yawan lokuta, kuma ya fi samuwa. A ɓangaren hoda da jan baki da man kare rana ma, zaɓinsa ya ninka na Aromatica, wanda ƙarfinsa yana wajen gashi da wanka da jiki.

Man kare rana na buƙatar taka-tsantsan na daban ko daga wane kamfani ne. A Disambar 2020 gwajin da shafin INCIDecoder mai bayanin sinadaran kayan kwalliya ya sa aka yi a Turai ya nuna wani man kare rana na kamfanin Purito da aka rubuta masa ƙarfin 50 bai wuce 19 ba. Kamfanin ya janye shi, wasu kamfanonin Koriya ma suka bi sahu suka janye nasu. Purito yana daga cikin waɗanda ke tallar kansu da tsabtar sinadarai da tausayin dabbobi, kuma hakan bai hana lambar da ke jikin mazubin zama ba daidai ba.

Idan aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wadda babban abin da ya dame ta shi ne dabbobi, ko shakkar alade, ko kuma sharar da za ta bari a unguwarta, ta ɗauki Aromatica, musamman shamfu da sabulun wanka da ruwan aloe, ta nemi babban mazubi ko jakar cikawa ko sabulun dunƙule idan mai kawo mata yana da su. Wadda ke zaune a Koriya ko wata ƙasar da ke da shagon Innisfree mai karɓar kwalabe, lissafinta ya bambanta, domin ita rabin alherin kamfanin yana isa gare ta. Wadda fatarta ba ta jure ƙamshi, ko aljihunta bai kai ba, ba laifi ta sayi Innisfree, amma ta saye shi don man ya karɓe ta, ba don koren launin kwalin ba, ta zaɓi tulu mai faɗin baki ko bututu a kan kwalba mai famfo, ta kuma bar mayafin fuskar nan na yarwa da ake sa wa na minti ashirin, wanda kowane ɗaya yake zuwa da jakarsa ta leda da gwangwani a manne.

Duk wannan lissafin yana rushewa idan kayan jabu ne, kuma jabun kayan Koriya ya cika kasuwa, musamman na sanannun kamfanoni irin su COSRX da Innisfree. Kwalbar da aka cika a wani lungu babu shayin Jeju a cikinta, babu wanda ya san me aka zuba, kuma ba ta taɓa ganin masana'antar Osan ba. Kafin ki tura kuɗi, ki sa mai kayan ta aiko miki hoton gindin kwalbar da na kwalin, ki ga lambar rukuni da kwanan wata sun yi daidai da juna, ki tambaye ta daga wane dillali ta ɗauko, ki duba farashin a shafin kamfanin ko na Olive Young, babban shagon kayan kwalliya na Koriya. Idan nata ya yi ƙasa da na Seoul bayan kuɗin jirgi da na kwastan, ki bar mata kayanta.